A'a Malam, Ba Yawan Bincike Ne Ya Dame Mu Ba

Wani marubuci da nake ganin girmansa ya fitar da makala kwanan baya, yana kira ga jami'o'inmu da su zare hannu daga haɗin gwiwar da suke yi da jami'o'in ƙetare a kan binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. A ganinsa, cin amana ne da aka yi wa ado da sunan ilimi: Bature ya zo da kuɗinsa da tambayoyinsa, likitanmu ya zama yaron aike mai cike takardu, a kwashe bayanan marasa lafiyarmu a buga a mujallun da ko ɗakin karatun jami'a ba ya iya saye, mai taɓin hankali kuma yana nan inda aka same shi. Ya ƙara da cewa muna da hanyoyinmu na kula da irin waɗannan bayin Allah, wato dangi da malamai da addu'a, kuma in gwamnati da gaske take, to ta gina manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a kowace jiha a huta. Da ya tashi kafa hujja sai ya ɗauko Trovan.

Ban ga laifinsa ba da ya ɗauko ta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wannan magani a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon abin ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma babu mai hankalin da zai yi wa Bakano dariya a kan wannan gudun. Zan ma ƙara wa Malam wata hujjar da bai kawo ba. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin da yawa daga cikin irin waɗannan ayyuka, ta daɗe tana ba jami'ar da ke wajen Amurka kashi 8 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa, wato kuɗin wuta da ofis da ma'aikatan lissafi, alhali manyan jami'o'in can gida kan karɓi sama da kashi 50. Aiki ɗaya, takarda ɗaya, rabo daban. Batun sunan wa zai zo farko a kan takardar binciken ma ƙorafi ne na gaskiya, likitocinmu sun sha yin sa.

Sai dai Trovan aikin kamfanin magani ne da ya sauka ya tashi cikin 'yan makonni, yana neman lasisin kasuwa. Jami'a ba ta ciki a matsayin abokiyar tafiya, kuma takardar izinin da aka nuna daga baya an gano an mayar da kwanan watanta baya. Abin da ya biyo baya shi ne kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kundin ƙa'idojinsa na 2007, da kwamitocin da yau ke kowane asibitin koyarwa. Ɗaukar wannan a shafa wa duk wani aikin da likitan Ibadan ko na Kano ya yi shekaru goma yana jagoranta, rashin adalci ne ga mutanen da Malam bai ambaci sunan ko ɗayansu ba.

Bari in ambata masa. A 1953 wani likitan mulkin mallaka da ya yi aiki a Kenya, Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan tunanin ɗan Afirka. Shi da ire-irensa sun tafi a kan cewa baƙar fata bai cika kamuwa da ciwon baƙin ciki mai tsanani ba, domin a cewarsu tunaninsa bai yi zurfin da zai kai shi can ba. Wanda ya karya wannan magana ɗan Abeokuta ne, Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro: maimakon a kulle mara lafiya a ɗaki, sai a sauke shi a gidan wani mutumin ƙauye tare da ɗan'uwansa guda, ya riƙa zuwa asibiti da rana, kuma Lambo bai ji kunyar aiki da masu maganin gargajiya ba. Daga nan ya haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, suka shiga ƙauyukan Yarbawa suna auna mutane, suka buga sakamakon a 1963. Suka tarar da damuwa da baƙin ciki a cikin manoman Egba kamar yadda ake samun su a cikin Turawa. Lambo ya kai ga zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Makamin da aka rushe raini da shi haɗin gwiwar jami'a ne, irin wanda Malam ke so a rufe.

Inda makalar ta fi rauni shi ne batun malamai da masu maganin gargajiya, domin a nan Malam ya juya wa babban mai ba shi shaida baya. Ya ce binciken zamani raina hanyoyinmu yake yi. To, babban gwajin da na sani a Afirka ta Yamma a kan wannan batu akasin haka ya yi. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ne ya jagorance shi, tare da abokan aiki a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da kuɗin Amurka. Ana kiran sa COSIMPO, kuma mujallar Lancet ta buga sakamakonsa a 2020. Ba su ce wa kowa ya bar wurin mai maganinsa ba. Sun tarar da masu taɓin hankali kwance a gidajen bokaye da wuraren addu'a, suka bar su a can. Abin da suka yi shi ne haɗa mai gidan da ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ya riƙa zuwa a kai a kai, ya duba mara lafiyan, ya ba da ƙwaya ko allura idan ta kama, su zauna da mai gidan su yi shawara. Mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa. An raba yankuna 51 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka bi mutum 307 tsawon wata shida. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin sun fi samun sauƙi ƙwarai, sun fi komawa harkokinsu, kuma kuɗin da aka kashe ya biya.

Akwai wani abu a cikin sakamakon da ya fi tsaya mini. A farkon gwajin, fiye da rabin marasa lafiyan rukunin da aka yi wa haɗin, kashi 57 cikin ɗari, suna fuskantar abubuwa masu cutarwa irin su ɗauri da duka da hana abinci. Bayan wata shida abin ya sauko zuwa kashi 9. A ɗaya rukunin ma, inda ba a yi cikakken haɗin ba, ya sauko daga 42 zuwa 10. Masu binciken ba su ɓoye cewa a nan rukunan biyu sun yi kunnen doki ba. Fahimtata ita ce, da zarar an shiga gidan da mutunci, an zauna da mai shi, ya san akwai masu dawowa, sarƙa takan fara kwancewa. Mai ɗaure mahaukaci sau da yawa ba mugunta ce ta sa shi ba. Ƙato ne ya fusata cikin dare, babu allurar da za ta kwantar da shi, babu wanda za a kira.

Yanzu mu dawo gida. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa. Daura ta biyo baya, da Katsina, da Zariya. Aka yi ta kame da rufe gidajen mari, aka ɗauki hotuna, sai ƙura ta lafa. Babu wanda ya tambayi ina uban da ya kai ɗansa can zai kai shi yanzu, tunda yaron bai daina shan abin da yake sha ba, wanda ke jin muryoyi kuma bai daina ji ba. A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ziyarci wurare 28 a Nijeriya ta tarar da ɗauri a kusan dukkansu, kuma cikinsu har da asibitoci da gidajen gyaran hali na gwamnati. Saboda haka sarƙar ba ta malam kaɗai ba ce, kuma ginin siminti mai tambarin ma'aikatar lafiya bai kore ta ba. Da a ce jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta riga ta yi irin aikin Ibadan da malaman ruƙiyya da masu gidajen mari, da a 2019 gwamnoni suna da abin yi da ya wuce kwaɗo da mabuɗi. Ba a yi ba. Malam kuma yana cewa kada a fara.

Maganar gina manyan asibitoci kuwa, lissafi ne ya kayar da ita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu suna manyan birane, kuma duk shekara wasu na tafiya Ingila da Saudiyya da Kanada. Muna da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ka gina ashirin gobe, wa zai zauna a ciki? Kuma matar da ta haihu a wani ƙauyen Gumel ta daina cin abinci, ta daina kula jaririnta, tana kuka ba dalili, ba za a taɓa kai ta Dawanau ba, domin sunan wurin kaɗai ya isa ya kashe mata aure. Asibitin da take zuwa awo shi ne kawai inda za a iya cim mata. Tambayar da ta rage ita ce ko malamin asibiti ko ungozoma, wanda bai yi karatun likita ba, zai iya gane wannan ciwo ya kuma yi maganinsa ba tare da ya yi ɓarna ba. Ba a amsa irin wannan da zato. Gwadawa ake yi.

An kuwa gwada. A karkarar Rawalpindi ta Fakistan, ƙasar Musulmi mai kulle da surukai kamar tamu, Atif Rahman da abokan aikinsa suka koya wa matan da ke aikin lafiya gida-gida yadda za su zauna da mai ciki mai baƙin ciki su taimaka mata ta sauya yadda take kallon halin da take ciki. Sakamakon ya fito a 2008, kuma daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta mai da shi littafin koyarwa ga kowa. A Harare, Dixon Chibanda na Jami'ar Zimbabuwe ya ajiye benci a harabar ƙananan asibitoci, ya horar da tsofaffin mata su saurari mai damuwa har zama shida, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Da abokan aiki daga Landan aka auna shi a asibitoci 24 da mutum 573. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa rabi. Birnin New York ya kwaikwayi wannan benci. Ga ilimi nan ya tashi daga Afirka ya nufi Amurka, hanyar da Malam ya ce ba a bi. A jihar Oyo ma Gureje ya yi irin waɗannan gwaje-gwaje da ungozomomi da ma'aikatan matakin farko.

Mai karatu zai lura cewa Ibadan nake ta ambata. Wannan shi ne ainihin abin da ya kamata ya hana Malam barci. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa, wanda Ibadan ta yi tsakanin 2001 da 2003 a cikin wani shiri na duniya da Hukumar Lafiya da Jami'ar Harvard suka tsara, shi ne ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin takwas ya taɓa fama da irin wannan lalura a rayuwarsa, kuma cikin masu tsananin ciwo ko ɗaya cikin goma bai samu magani ba a shekarar da ta gabata. An yi shi a jihohi 21. Kaduna na ciki, Borno da Yobe da Gombe da Adamawa na ciki. Babu Kano, babu Katsina, babu Sakkwato, babu Zamfara. Fiye da shekara ashirin ke nan, kafin rikicin Boko Haram, kafin 'yan bindigar daji, kafin a raba miliyoyin mutane da gidajensu. Batun shaye-shaye ma, sai da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike a 2018, da kuɗin Tarayyar Turai, kafin mu san cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma a Kano kashi 16 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 64. Kafin nan kowa da adadin da yake faɗa a rediyo. Mutumin da ke kukan an cika mu da bincike yana magana ne daga yankin da aka fi tsallakewa.

Ɗan abin da aka yi a nan kuwa bai yi kama da hoton da ya zana ba. Asibitin koyarwa na Aminu Kano, da na Ahmadu Bello a Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna sun yi aiki da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan farfaɗiyar yara, cutar da har gobe ake cewa bugun aljani ce, ake gudun yawun mai ita, ake cire yaro daga makaranta saboda ita. Sun shirya tambayoyin gano cutar da Hausa, suka horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, suka gwada tsarin a ƙananan asibitoci 60 na Kano da Zariya da Kaduna. Likitocin Arewa ne a kan gaba. Ƙorafin Malam na cewa ma'aunin Bature ba ya auna Bahaushe daidai yana da tushe, amma hanyar gane inda ma'aunin ya kauce da gyara shi ita ce dai wannan aikin da yake ƙyama.

To ina gizo ke saƙar? A ranar da aikin ya ƙare. Tallafi shekara biyar ne. An horar da ma'aikaciya, ta iya aikin, sai a yi mata canjin wurin aiki, ba a kawo wata ba. Maganin da aikin ke saye ya ƙare, kantin asibiti ba shi da shi, alhali fenobabiton da haloferidol da amitiriftilin tsofaffin magunguna ne masu arha. Mara lafiyan da ya samu kansa ya koma gidan jiya, danginsa su ce ai dama maganin asibiti ba ya jin wannan ciwo. Wannan ɓarna ce ta gaske, kuma mai binciken da ya tattara kayansa ya tafi bai shirya wa wannan rana ba yana da alhaki. Ƙa'idojin Helsinki na binciken lafiya sun tanadi batun abin da mahalarta za su samu bayan gwaji tun gyaran shekarar 2000. Amma sayen magani da biyan albashi aikin kwamishinan lafiya ne da hukumar kula da lafiya a matakin farko. Farfesan Landan ba shi ya yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ba. Ba shi ya bar mu da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa, wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuma an ga yadda ake yi in an so. Bayan binciken da likitocin Kano suka yi da Vanderbilt a kan hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila, gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina sun amince su riƙa ba yaran da ke cikin haɗari maganin kyauta. Masu binciken sun je wurin masu mulki da shaidarsu a hannu, suka matsa. Sikila tana da iyaye masu fitowa su yi magana. Uban mai taɓin hankali ɓoye ɗansa yake yi, shi ya sa babu mai matsa wa kowa.

Abin da ya kamata shugabannin jami'o'inmu su yi shi ne su kafa sharaɗi kafin su sa hannu. Tambayar binciken ta fito daga nan. Bayanan su zauna a nan, ko a ƙalla a samu cikakken kwafinsu da ikon amfani da su. A sa horar da masu digirin digirgir a cikin kuɗin. Gwamnatin jiha ta rattaba hannu tun ranar farko a kan wanda zai sayi magani a shekara ta shida. A koma unguwannin da aka yi aikin a gaya wa mutane abin da aka gano, da Hausa, a masallaci da gidan mai unguwa da rediyo. Masu lalurar da suka samu sauƙi su zauna a teburin tsara aikin, kamar yadda wani shiri mai suna SUCCEED ya yi a Nijeriya da Saliyo da Malawi da Zimbabuwe. Da makalar Malam a kan wannan ta tsaya, da ni ne farkon mai yaɗa ta.

Wani abin kuma, burin nasa na neman cika ba tare da ya motsa ba. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigarta, aka datse ayyukan bincike suna tsakiyar tafiya. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar tallafi ta Amurka, ta kuma ƙuntata hanyar da kuɗin bincike ke bi zuwa jami'o'in waje. Baƙin suna naɗe tabarmarsu da kansu. Wanda zai maye gurbin shi ne abin tambaya. Asusun TETFund yana da kason bincike na ƙasa da ake tarawa daga harajin kamfanoni. Haɗin gwiwa kuma ba dole sai an tsallaka teku ba: Ibadan tana da gogewar shekaru masu yawa, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da jama'a da harshe da malaman da za a zauna da su, Yamai da Damagaram suna da irin marasa lafiyarmu da irin malamanmu. Maimaita gwajin Ibadan da Kumasi a Kano, da malaman ruƙiyya a matsayin abokan aiki, ba ya buƙatar bizar kowa.

Ina roƙon Malam, tunda alƙalaminsa na da kaifi kuma ana sauraron sa, ya zaga ƙananan asibitocin ƙaramar hukumarsa ya tambayi guda nawa ne ke da maganin farfaɗiya a kanta, da ma'aikaci ko ɗaya da aka koya wa gane ciwon baƙin ciki ga mai jego. Ya buga amsar da sunan kowane asibiti, ya aika wa kwamishina kwafi.